Wa ya kashe kifin Jakara da Chalawa?

Ɗan_Gama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, kuma zan faɗi matsayina tun farko. Duk wanda ya san Kano ya san ruwan Jakara baƙi ne mai wari, na Getsi yau ja gobe shuɗi, Salanta kuwa ba a cewa komai. Jakara da Getsi su ne suke zubawa a dam ɗin Wasai da ke Minjibir, Salanta kuma ta faɗa Chalawa. Masunta suna kukan kifi ya ƙare, tsuntsayen bakin ruwa sun ƙaurace. Amma kullum ka kunna rediyo sai ka ji ana cewa jama'a su daina zuba shara a kwata. Ni a ganina masana'antu ne suka kashe kogunan nan, musamman kamfanonin jima na Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Sharar talaka ba ta kashe kifi. Tun zamanin Sarki Rumfa mutane suke zaune a bakin Jakara, me ya sa kifi bai ƙare ba sai da kamfanoni suka zo? Mai ja ya zo da hujja.

Masunci_Wudil:
Wa alaikumus salam. Ɗan_Gama, ni su na gada, bari in faɗi abin da ido ya gani. Chalawa da Kogin Kano suna haɗuwa ne wajen Tamburawa kafin su iso mana, don haka duk abin da aka zuba a sama mu ne masu karɓa. Ranar da muka fi tsoro ita ce washegarin ruwan farko mai ƙarfi. Da asuba za ka sauka bakin kogi ka tarar karfasa ta taso sama tana buɗe baki tana haɗiyar iska, ba ta gudun mutum, ko da hannu sai ka kama. Kafin hantsi sun kife ciki a sama, iska ta tara su gefe cikin ciyawa. In ka buɗe gefen kan kifin inda yake numfashi, maimakon ja sai ka ga wurin ya koɗe ya yi yauƙi. Yara su zo da robobi su kwashe, a soya a kai tasha, mai saye bai san komai ba.

Zamanin mahaifina ana kama giwan ruwa da yauni da tsage a nan. Yanzu ka jefa birgi, tarwaɗa ce da 'yan ƙananan karfasa.

Ɗan_Gama:
To kun ji daga bakin mai sana'a. Allah ya saka da alheri Baba.

Malama_Kimiyya:
Ɗan_Gama, kada ka yi saurin ɗaukar maganar Baba a matsayin shaidarka, domin abin da ya kwatanta ya fi kama da ƙarancin iska a ruwa. Kifi yana rayuwa ne da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwan. Duk abin da ke ruɓewa, bahaya ne, jini da kayan tumbi daga mayanka ne, ragowar abinci ne, ƙwayoyin bakteriya ne suke cinye shi, kuma da oksijin ɗin ruwan suke wannan aiki. Duk rani ƙazanta tana taruwa a kwatoci. Ruwan farko ya kwaso ta gaba ɗaya ya juye a kogi, bakteriya su samu abinci, su shanye iskar, kifi ya shaƙe.

Dalilin da ya sa abin yake faruwa da asuba kuwa, gansakuka da sauran tsirran ruwa da rana suna fitar da oksijin, da dare su ma shaƙa suke yi. Kafin ketowar alfijir iskar ta kai ƙarshen ƙarancinta. Tarwaɗa tana tsira saboda Allah ya yi mata wata halitta a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa za ta daɗe a taɓo ba ta mutu ba. Giwan ruwa ba shi da wannan.

Ban wanke kamfanoni ba, ruwan jima shi ma cike yake da nama da kitse da gashi masu ruɓewa. Amma masan da aka haɗa bututunsu da kwata a unguwanninmu suna cikin lissafin.

Na_Gwale:
Malama ta faɗi gaskiya. Ku shiga lungunan cikin gari da daddare ku ji abin da ake saki a kwata.

Mai_Son_Tarihi:
Zan taɓa tambayar Ɗan_Gama ta zamanin da. Jakara ba ta taɓa zama ruwa mai tsabta ba tun da birni ya kewaye ta. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba garin biyu, ga kududdufai, ga ƙazanta, kuma ya ɗora rashin lafiyar garin a kanta. Amma a wannan fadamar dai ya ce ya ga agwagin daji da manyan tsuntsayen ruwa da ungulaye. Shi ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 zuwa 40,000. Barth da ya zo a 1851 shi ma wajen 30,000 ya ce.

To a duba. Ƙazantar mutum dubu talatin, wadda duk mai ruɓewa ce, fadama mai ciyawa da bado tana iya narkar da ita. Yau miliyoyi ne a Kano. Kududdufan da suke riƙe ruwa ya kwanta ya tace an cike yawancinsu an yi gini. Ita kanta Jakara a cikin gari an ɗaure ta da siminti an shimfiɗa titi a kanta, ba rana ba ciyawa, ruwan yana wucewa ne yadda aka zuba shi. Bompai ta fara karɓar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya. Yawan jama'a da kamfanoni kusan tare suka taso, shi ya sa raba laifin yake da wuya.

Ɗan_Majema:
Tunda an ambaci jima dole in sa baki, don kada a haɗa mu da kamfani. Jimar gidanmu da toka ake yi a cire gashi, a jiƙa da kashin tantabara fata ta yi laushi, sannan a jeme ta da bagaruwa. Ga wari kam, ba mai musu. Amma duk abin da muka zubar daga ƙasa ya fito kuma ƙasa tana cinye shi. Fatar jan akuya da aka jeme haka ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ɗaruruwan shekaru ana yi. Kamfani kuwa a kwana ɗaya zai jeme abin da unguwarmu ba za ta jeme a wata ba, kuma da sinadari.

Tsohon_Lebura:
Ni na yi aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin, ba zan kama suna ba. Fata tana zuwa da gishiri, a wanke, ruwan gishirin ya fita. A sa ta a manyan ganguna masu juyawa da farar ƙasa da salfaid don gashi ya zube, wannan shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuke ji in kun bi ta wajen. Daga nan a sa asid, sannan kuromiyom, fata ta fito shuɗiya-shuɗiya. Fatar ba ta shanye kuromiyom ɗin duka, ragowar yana bin ruwa.

Muna da tankunan tace ruwa a bayan kamfani. Injin da ke motsa su yana cin dizal, don haka ba a kunna shi sai an ji labarin masu duba za su zo. Ranar za a share wuri, a kunna komai, a ba mu sababbin safar hannu. Sauran ranaku kuwa bayan sallar isha'i ake buɗe bawul. Na sha tsayawa da tocila ina kallon ruwan yana fita da kumfa, yana bin lambatu zuwa rafi. A gefen lambatun nan ko ciyawa ba ta fitowa, kuma ban taɓa jin kukan kwaɗo a wurin ba ko da tsakiyar damina. Hannuwana har yau suna tsagewa. Ɗan_Gama bai yi ƙarya ba.

Maman_Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ka lafiya Malam. Ni tambayata, latas da kabeji da alayyahun da ake nomawa a bakin Jakara wajen Kwakwaci, da wannan ruwan ake ba su? Kullum sai na saya.

Mai_Lambu:
Hajiya, da shi ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Mu ba mu da wani ruwan da rani. Kuma ganye yana son sa, don ruwan kwata taki ne. Abin da muke yi, in muka ga ya canza launi ko yana kumfa sai mu kashe inji mu jira ya wuce, domin in ka ba shuka wannan ƙonewa take yi. A ba mu rijiyar burtsatse mu bar shi yau.

Malama_Kimiyya:
@Maman_Ilham, abu biyu ne. Ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ke jikin ganye, wanki mai kyau da ruwa mai tsabta yana rage su sosai, dafuwa kuma tana kashe su. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da kuromiyom kuwa shuka tana zuƙarsu ta saiwa su shiga cikin ganyen, wanki ba ya fitar da su, tafasa ma haka. Jami'o'inmu sun yi bincike da yawa a kan ruwa da ƙasa da kayan lambun yankin Jakara da Chalawa, kuma an sha samun waɗannan ƙarafan fiye da ƙima.

Wannan ne ɓangaren da nake ba Ɗan_Gama gaskiya. Bahaya yana kashe kifi yau, amma in aka daina zubawa kogi zai farfaɗo. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a lakar ƙasan dam, tsutsa ta ci laka, tarwaɗa ta ci tsutsa, zalɓe ko mutum ya ci tarwaɗa.

Yawuri_Boy:
Ku mutanen Kano kun cika kuka da kamfani. Mu nan Yawuri wane kamfani muka da shi? Amma kifi ya ragu. Mu munka yi ma kanmu. Tun da can akwai masu daka magimfa su zuba a gulbi kifi ya bugu ya taso, amma wannan ganye ne, kwana kaɗan ruwa ya wanke. Da Gamalin ya shigo sai wasu sunka koma gare shi. Maganin ƙwarin koko ne fa. Mutum ya zuba kwalba guda a gurbi, babba da ƙarami da ƙwai duk su mutu, har kififfiya da kwaɗi. Ga masu jan gidan sauro da anka raba don zazzaɓi, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ayu da dattawanmu ke ba da labari, yaran yanzu sai dai su ji suna.

Masunci_Wudil:
@Yawuri_Boy, ba na musun akwai ɓata-gari a cikinmu. Amma da can Sarkin Ruwa yana da iko, in ya ce an rufe gurbi kaza sai baɗi, ba mai jefa ko ƙugiya. Wanda aka kama da guba a kore shi daga ruwan. Yanzu ka kama mutum ka kai shi, kafin ka dawo gida ya riga ka.

Likitan_Dabbobi:
Gamalin 20 sunan kasuwa ne, sinadarin da ke ciki lindan ne, kuma tun 2009 aka sa shi cikin jerin magungunan da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a noma. Irinsa ɗaya da maganin ƙwarin nan DDT ta wajen daɗewa, yana maƙalewa a kitse. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya cinye ƙanana ɗari ya tara nasu duka, tsuntsun da ke cin babban ya tara fiye da kowa. A Amurka haka DDT ya sa ɓawon ƙwan mikiya ya yi laushi yana fashewa in uwar ta kwanta a kai, har ta kusa ƙarewa. Da aka hana shi a 1972 sannu a hankali ta dawo.

Ni abin da nake gani a wajen aiki kuma leda ce. Za a kawo saniya ta rame, ciki ya kumbura, ba ta cin abinci. In aka yanka sai a ciro dunƙulen leda daga tumbinta, ya murɗe da igiya da tsumma ya yi tauri, wani sai an sa hannu biyu a ɗaga. A bakin kududdufi da bola take tsintarsu tana neman gishiri da ragowar abinci. Wannan ledar fiya wata ce da baƙar leda, ba kamfanin jima ne ya yar da su ba.

Ɗan_Gama:
Likita, wa ya ƙera ledar? Wa ya shigo da Gamalin ƙasar? Talaka abin da ya tarar a kasuwa yake saye.

Na_Gwale:
Haba Ɗan_Gama. In haka ne mai wuƙa ma sai ya ce maƙeri ne ya yi kisan.

Bazamfara:
Ina karantawa tun ɗazu, maganar Malama ta ƙarfe ce ta sa zan yi magana. Mu mun ga ƙarshen abin. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, da suma da jijjiga, ana ta ba su maganin zazzaɓi ba sauƙi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jini aka gano dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana da dalma mai yawa, ana kawo shi gida ana daka ana niƙa, a wanke a kududdufi. Sama da yara 400 suka rasu.

Abin da ya dace da wannan muhawarar shi ne, kafin yara su fara, agwagi ne suka fara mutuwa. Su ne suke wuni a kududdufan da ake wankin ƙasar suna tsotsar laka. Mutane sun gani, aka ɗauka annobar kaji ce. Da a ce akwai wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya kashe agwagin nan, Allah kaɗai ya san rayukan da za a ceta. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Don haka in Baba masunci ya ce kifi yana mutuwa, ni ba labarin kifi nake ji ba.

Malama_Kimiyya:
Allah ya jiƙansu. Haka aka yi a Minamata ta ƙasar Japan. Kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zuba ruwa mai zaiba a teku. Kifi ya fara tasowa, kyanwoyin garin suka riƙa tangaɗi suna faɗawa ruwa, tsuntsaye suna faɗowa daga sama, sannan a 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane. Yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba da aka sa wa hannu a 2013 sunan garin aka ba ta. Kuma zaibar nan ita ce masu haƙar zinariya suke murzawa da hannu a kwano don ta kama gwal, su ƙona ta, ragowar ta bi ruwa.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum daga Gana. Nan ma ita ce damuwarmu, galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Kogin Pra da Offin da Ankobra da Birim duk sun zama ruwan laka saboda injinan wankin zinariya da ake kafawa a tsakiyar kogi. Akwai lokutan da kamfanin ruwa yake rufe matatarsa don injin ba ya iya tace ruwan. Kuma yaranmu na zango da 'yan ci-rani daga arewa suna cikin masu aikin, mun san su. In ka yi musu magana su ce a ba su wani aikin.

Almajirin_Malam:
Jama'a a tuna addini bai bar wannan ba. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma ya ce a guji abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bahaya a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. In wanda ya tsuguna shi kaɗai a bakin rafi ya shiga wannan gargaɗi, ina ga mai sakin bututu? A Suratur Rum aya ta 41 Allah ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ina roƙon limamanmu su riƙa ɗaukar wannan a huɗuba. Masu kamfanonin nan da yawansu a sahun gaba suke sallar Juma'a.

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, to ruwan rijiyar da ke kusa da irin waɗannan wuraren, in bai canza launi ko ɗanɗano ko wari ba, ya halatta a yi alwala da shi ai ko?

Almajirin_Malam:
Hajiya, ta fuskar tsarki haka malamanmu suka karantar. Sha kuma hukuncinsa daban, abin da aka tabbatar yana cutarwa ba a shan sa ko da ya fi madubi haske. Tabbatarwar kuwa aikin su Malama ne.

Ɗan_Nguru:
Ku da ke sama kuna ta rabon laifi, mu ne a ƙarshen ruwan. Dausayin Haɗeja da Nguru da Kogin Haɗeja da na Jama'are yake rayuwa. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Chalawa Goj a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke cika fadamu ta ja baya, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ga takin zamani da ke gangarowa daga gonakin rani na Kadawa da Kura. Wannan ya yi wa kachalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, gonaki da wuraren su sun shige cikinta.

Kachalla kuma ta zama gidan jan-baki. Su cinye gero da shinkafa, a turo jirgi ya yi feshi, maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu. Shaho da mujiya da suka ci gawar jan-bakin su ma su tafi. Wurin nan fa tsuntsaye ne suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinsa, saboda su aka keɓe Dagona da Baturiya, kuma an sa tafkin Nguru a jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000. Dinya da kirinjijiya suna nan amma ba kamar da ba. Gauraka kuwa, yaron da aka haifa yanzu zai iya girma bai gan ta ba.

Manomi_Kura:
Ɗan_Nguru, a yi mana adalci. Dam ɗin Tiga shi ya sa ake cin shinkafa da tumatir da rani a ƙasar nan. Amma maganar feshi gaskiya ce, na ga masu wanke tankin feshi a cikin kanal, wasu su jefa kwalbar maganin ciyawa a ciki. Da can in damina ta sauka kukan kwaɗi ba ya barin mutum barci a garinmu, yanzu ya yi sauƙi sosai.

Likitan_Dabbobi:
Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashi, ƙwansa ba shi da ɓawo, shi ya sa maganin feshi yake saurin kama shi. Sai dai a yankin su Ɗan_Nguru akwai kuma masu kama kwaɗi buhu-buhu su busar a kai kudu. Duka biyun suna aiki a kansa.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Na zauna Yamai, can ma kwarin Gunti Yena ne ke kwasar ƙazantar gari shina zubawa a kogin Isa (Kwara), ga majema a bakin ruwa wajen Gamkalle. Gwamnati ta yi dokar hana leda tun 2014, amma ku zo kasuwa ku gani. Doka ba ta wuyar rubutawa.

Lauya_Bello_Road:
Ɗan_Damagaram ya taɓo inda nake so. Mu ma ba rashin doka ne ya dame mu ba. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, jihar Delta ta yanzu. Abin kunyar nan ne ya sa gwamnatin soja ta yi dokar shara mai guba ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma akwai ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Matsalar, in kuɗin tara bai kai kuɗin dizal ɗin da Tsohon_Lebura ya ambata ba, ɗan kasuwa zai zaɓi tara. In kuma aka rufe kamfani, washegari ma'aikata ɗari biyar suna ƙofar gidan gwamnati.

A yankin Ogoni na jihar Ribas, inda malalar man fetur ta ɓata ƙasa da ruwa, sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2011, ta ce a wata unguwa a Ogale sinadarin benzin da ke ruwan rijiya ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) sau 900, kuma gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mu a nan ko irin wannan cikakken awon ba mu matsa a yi mana ba.

Bazazzagiya:
Ni dai karatun nan ya sa jikina ya yi sanyi. Akwai kogin da ya taɓa mutuwa ya dawo kuwa?

Mai_Son_Tarihi:
Akwai, 'yar'uwa. Kogin Thames na Landan. A 1858 warinsa ya kai 'yan majalisa suna toshe hanci a zaurensu, kwalara tana kashe dubbai. Wannan ya sa aka ba injiniya Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka a 1957 masana suka ce wani sashen kogin ba abin da ke rayuwa a ciki. Aka gyara matatun ƙazanta, aka matsa wa masana'antu. Yau ana lissafa kifi sama da iri 100 a cikinsa. Amma a lura, da magudanar bahayan gari suka fara. Kano har yau yawancin unguwanni ba su da irin wannan, masai ne da kwata da motar kwasa, ita motar ma a tambayi inda take juyewa.

Ɗan_Gama:
Na karanta duka. Na ji maganar masai da leda da Gamalin. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ba daidai ba ne a haɗa matar da ta zuba ruwan wanke-wanke a kwata don ba ta da wurin zubawa, da mai kamfanin da yake da tankin tacewa ya ƙi kunnawa. Ita ba ta da zaɓi. Shi lissafi ya yi. Kuma kamfanonin ana iya ƙirga su, an san ƙofar kowanne. A fara da su.

Na_Gwale:
A fara da su, ba wanda ya ƙi. Amma ko yau aka rufe su duka, Jakara daga Kurmi zuwa Fagge baƙa za ta ci gaba da fitowa, domin kafin ta haɗu da Getsi ta riga ta mutu.

Tsohon_Lebura:
Kuma kada a manta da masu rinin shadda na cikin unguwanni. Ba irin na Ƙofar Mata mai baba da toka ba, masu kostik soda da kalar gwangwani. Su ma a kwata suke juyewa, kuma sun fi kamfanoni yawa nesa ba kusa ba.

Maman_Ilham:
Malama, ni rijiyar gidanmu nake tunani yanzu, muna kusa da Sharaɗa. Ina ake kai ruwa a gwada?

Malama_Kimiyya:
Hajiya, sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko ɗakin gwajin hukumar ruwa za su iya. Ki samu sabuwar robar ruwa, ki ɗauraye ta da ruwan rijiyar sau uku, ki cika ta har baki ki rufe, ki kai a ranar. Ki ce musu gwaji biyu kike so, na ƙwayoyin cuta da na ƙarafa, ki ambaci dalma da kuromiyom da kadmiyom da baki, in ba haka ba na farkon kawai za su yi miki. Na ƙwayoyin cuta wataƙila su ba ki kwalbarsu ta musamman. In maƙwabta za su haɗa kuɗi a gwada rijiya huɗu ko biyar a layin, sakamakon zai fi nauyi in za a kai ƙorafi. Kafin nan kada a haɗa wa jariri madara da shi.

Mai_Lambu:
Malama, in an tashi a haɗa da ƙasar lambuna. Ni ma ina so in sani, 'ya'yana daga ciki suke ci.

Masunci_Wudil:
Mu ma za mu kawo kifi in ana gwada shi. Sai dai a faɗa mana wanda za a kawo, tarwaɗa ko karfasa, ɗanye ko banda.

Malama_Kimiyya:
Tarwaɗa, Baba, babba, ɗanya, a cikin ƙanƙara. Ita ce mai kiwo a laka. Kada a fasa cikin, hanta ake fi buƙata.